Wata shida ina koyon tace ruwan Yamai

Ranar da na fara aiki a masana'antar tace ruwa na zo da farar riga a goge da biro biyu a aljihu, don a zatona kai tsaye ɗakin awo za a wuce da ni. Shugaban rukunin da aka haɗa ni da shi dattijo ne mai furfura a gemu, kowa Baba yake ce masa, har waɗanda suka fi shi muƙami. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi garinmu, na ce Tawa. Ya ce, "To Ba'adare, ka taɓa ganin inda ruwan garin nan yake shigowa?" Na ce a'a. Ya miƙo mini takalman roba, hular kwano, safar hannu da wani dogon manjagara, ya sa ni gaba har bakin kogi.

Mashigar ruwan ƙarafa ne a jere kamar haƙoran mataji, ruwa yana ratsa su kafin injuna su zuƙe shi. Duk abin da kogin Isa ya ɗauko a hanya nan yake maƙalewa: kainuwa, baƙar leda, kara, guntun tarun masunta, wata rana har mushen akuya. Idan aka bari suka toshe, inji sai ya riƙa jan iska maimakon ruwa. Sati biyu cur na yi ina kwasar wannan shara safe da yamma, a tsakiyar zafin Afrilu, lokacin da ƙarfe ba ya taɓuwa tun daga hantsi. Raina ya sosu a kwanakin farko, ba zan ɓoye ba. Amma kullum Baba zai zo ya tsaya kusa da ni, ya ɗebi ruwan a kofin gilashi, ya ɗaga shi saitin haske, ya shinshina, sannan ya tambaye ni, "Yau da jiya, mi ya bambanta?" Da farko ba ni da amsa. A sati na biyu na fara gani. Wata rana ruwan yana da kore-kore da ƙarnin gansakuka, wata rana iska ta kwana tana kaɗa shi, ya wayi gari fari-fari.

Ni ɗan Adar ne, inda ruwa yake can ƙasa. A Tawa ruwan famfo daga rijiyoyin burtsatse masu zurfi yake fitowa, a ƙauyen kakanninmu kuwa sai an ɗaura wa guga doguwar igiya, jaki ko raƙumi ya ja. Na tashi da sanin cewa wahalar ruwa ita ce nisansa. Sai da na zo Yamai karatun fasahar ruwa, na sauka gidan kawuna a Talaje, na ga wata wahalar daban: ga kogi shimfiɗe a tsakiyar gari, amma ba ya shawuwa sai an yi masa aiki. Bayan shekara biyu a makaranta aka ce sai mun yi sitaj, wato koyon aiki a ma'aikata, kafin a ba mu takardar shaida. Na kai takardu, na jira, aka kira ni, aka ba ni wata shida a ɗaya daga cikin masana'antun tace ruwa na bakin kogi. Biyu ne ke shayar da birnin, ta Gudel da ta Yantala, dukkansu a gaɓar hagu, sama da tsakiyar gari.

Baba ya daɗe a harkar. Ya shiga tun zamanin SNE, kamfanin ruwa na gwamnati, ya ga lokacin da aka raba aikin a 2001, kamfanin SEEN ya karɓi tace ruwa da rarraba shi, kamfanin SPEN ya riƙe mallakar kayan aiki da gina sababbi, ya kuma ga zuwan NDE, wanda ya gaji SEEN a farkon 2024. Amma labarin da ya fi bayarwa na 1985 ne. A watan Yunin wannan shekara, bayan farin da aka sha, kogin ya daina gudu a Yamai. Yana matashi lokacin, ya ce da ƙafa suka riƙa tsallakawa zuwa Harobanda, unguwar hayin kogi, a kan rairayi. Bayan wannan ne aka gina madatsa a Gudel, wadda ke tare ruwa don injuna su samu abin ja a Mayu da Yuni. Duk lokacin da muka je duba tsayin ruwa, sai ya daɗe yana kallon sandar awon, ko da ya riga ya karanta lambar.

Shi ya koya mini cewa Isa sau biyu yake cika a shekara. Akwai baƙin ruwa, wanda ke tasowa daga tsaunukan Gine, ya bazu a fadamun Mali ya huta, lakarsa ta kwanta, sannan ya iso mana cikin sanyi, wajen Disamba da Janairu. Wannan mai sauƙin kai ne. Akwai kuma jan ruwa na damina, a Agusta da Satumba, wanda kogunan Sirba da Dargol da Goruwal ke kwararowa da shi daga ɓangaren Burkina Faso, ɗauke da jar ƙasar da ruwan sama ya wanko. Shi ne ya kai kogin santimita 700 a Yamai a Satumban 2020, ya shiga gidajen mutane a hayin kogi. "Wanda bai yi dare da jan ruwa ba," in ji Baba, "bai fara aikin nan ba tukuna."

Da aka shigo da ni ciki, muka bi ruwan da ƙafa daga farko har ƙarshe. Yana barin kogi ake zuba masa ruwan alam a wani ɗan kwami inda farfela ke juya shi da ƙarfi. Alam ɗin dai shi ne wanda iyayenmu mata ke kaɗawa a randa idan ruwan tabki ya dagule, sai dai a nan buhu-buhu ake narkawa. Ƙwayoyin lakar da ke dagula ruwa ƙanana ne ƙwarai, kuma ture juna suke yi, shi ya sa za ka ajiye ruwan kogi kwana biyu a bokiti bai washe ba. Alam yana kashe wannan turewar, sai su fara manne wa juna. A kwami na biyu ana juyawa a hankali don gudajin su girma, ma'aikata na ce musu fulok. A na uku, babban da ake kira dekantar, ruwa yana tafiya a natse, gudajin su nutse, na saman ya malala zuwa matatun rairayi. Daga nan sai kulor, maganin kashe ƙwayoyin cuta, sai babban tankin ƙasa, sai injunan da ke tura shi zuwa manyan shato, wato tankunan sama na unguwanni.

Wurin da na fi daɗewa shi ne ɗakin awo, a hannun wata mata da muke kira Tanti. Ita ta koya mini gwajin kofuna shida. Za ka cika su da ruwan kogi na wannan lokacin, lita ɗai-ɗai, ka jera su ƙarƙashin wata na'ura mai ƙananan farfeloli shida. Kowane kofi da nasa alam: na farko kaɗan, na gaba ya ɗara, har na shida. Ka juya da sauri kamar minti biyu, ka rage gudu ya yi rubu'in awa, sannan ka kashe ka jira. Wannan jiran ne na fi so a duk aikin. Ka sunkuya, idonka daidai da gilashin. Da farko ba ka ganin komai sai ruwa mai launin ƙasa. Can sai ka ga ɗigo-ɗigo kamar tsakin gero sun fara yawo. A kofi ɗaya ko biyu sai su taru su yi gudaji kamar nonon da ya tsinke, su riƙa sauka a hankali, ruwan saman ya washe har ka hango yatsanka ta bayan kofin. Na farko yana nan a dagule, don bai ƙoshi ba. Wanda ya ba ni mamaki shi ne na shida, da ya fi kowanne shan alam: sau da yawa shi ma ba ya washewa, sai wani farin hazo ya tsaya a cikinsa.

Na tambayi Tanti dalili. Ta ce, "Auna pH ɗinsa ka gani, ɗana." pH shi ne ma'aunin tsamin ruwa, lambar tana sauka idan tsami ya ƙaru. Na auna, ya faɗi ƙasa da 6. Ta ce alam yana da tsami, ruwan Isa kuma ba shi da gishirin da zai tare tsamin, don haka da ka cika alam sai ruwan ya tsamame, shi kuwa alam ba ya ƙulla gudaji mai kyau sai tsakanin 6 da 7 da ɗan wani abu. Maganin shi ne ruwan lasho, farin garin nan da ake shafe bango da shi, wanda ke ɗaga pH. Na rubuta wannan a littafina, na ja layi biyu a ƙarƙashinsa.

Idan ka zaɓi kofin da ya washe da mafi ƙarancin alam, sai lissafi. A ce kofin ya nuna miligiram 40 a lita, wato giram 40 a kowace mita kubik, layinka, wato jerin kwamin da kake kula da shi, kuma yana jan mita kubik 1,000 a awa. Kilo 40 ke nan a awa. Idan an narka alam ɗin giram 100 a kowace lita, injin awo sai ya ɗiga lita 400 a awa. Baba ba ya yarda da lambar da ke jikin injin. Sai ka tara mazubi a bakin tiyo, ka duba agogo, ka tabbatar da abin da ke fita. Yakan kuma sa ni in mai da lissafin zuwa bido: mita kubik ɗaya lita 1,000 ce, bido 40 ke nan na lita 25. Layin da ke ba da mita kubik 1,000 a awa, bido 40,000 yake cikawa. Ya ce wanda ke ƙirga ruwa da bido ba ya wasa da shi.

Wankin matata shi ne aikin da ya fi shiga jikina. Matatar babban kwami ne na siminti, a ƙasansa rairayi mai kauri wajen mita ɗaya, ruwa na sauka ta cikinsa. Kwana ɗaya ko biyu sai ya toshe, za ka gane don ruwan samansa yana ta hauhawa, mai fita yana raguwa. Sai a rufe mashiga, a bari ruwan ya ɗan sauka, a hura iska daga ƙasa. Ranar farko da na ga haka sai da na ja da baya. Kwamin nan da yake lumui kamar madubi ya kama tafasa gaba ɗaya, ruwan ya koma kamar kunun kanwa, warin ƙasan tabki ya taso. Bayan iska sai a turo ruwa mai tsabta daga ƙasa, ya ɗaga rairayin, ya kwashe dauɗar zuwa magudana. A nan ake gane hannu. Ka buɗe ban ɗin, wato makullin bututun, da yawa, rairayi ya bi ruwa ya tafi. Ka buɗe kaɗan, laka ta dunƙule a ciki ta zama curi-curi. Baba yakan ɗora hannunsa a kan nawa a bisa sitiyarin ban ɗin, yana cewa, "Sannu, sannu. Dubi bakin magudana, kar ka dubi hannunka." Idan aka mai da matatar aiki, ruwan farko ba a tura shi tanki, zubarwa ake yi har ma'auni ya nuna ya washe. Zuciyar Ba'adare ba ta jure ganin ruwa yana tafiya a banza, na kuwa faɗa masa. Ya ce ruwan da ya biyo wanki yana ɗauke da abin da ido ba ya gani, gara ya koma kogi da ya shiga cikin jariri.

Kulor ne abin da na fi tsoro, kuma har yau ina ganin tsoron daidai ne. Garin da ake narkawa ɗan'uwan ruwan Jabel ne, amma ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari nasa kulor ne. Ba a buɗe duronsa sai da abin rufe hanci da tabarau da safar roba, ba a ajiye shi kusa da gazuwal ko wani abu mai tsami, don yana iya kama wuta ko ya saki iska mai shaƙe mutum. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce bayan minti 30 da haɗuwa da ruwa, ragowar kulor kada ta gaza miligiram 0.5 a lita, pH yana ƙasa da 8, a bakin famfon mai sha kuma a samu aƙalla 0.2. Da wata ƴar farar ƙwaya ake aunawa, DPD, a jefa ta a ƙaramar kwalba, ruwan ya koma ruwan hoda, a kara da ma'aunin launi. Mutane a gari suna ƙorafin warin magani a ruwa, ni ma da ina yi. Yanzu idan na ji ɗan warin nan hankalina kwanciya yake, don ruwan yana da doguwar tafiya cikin bututu, sannan ya zauna a bido, sannan a randa, moɗa da hannaye suna shiga. Sai dai kulor ba ya cin ƙwayar cutar da ta ɓuya cikin laka. Shi ya sa ake son ruwa ya baro matata ƙasa da NTU 1, ma'aunin dagulewa ke nan, 5 kuwa iyaka ce da ba a son ko kusantarta.

Manyan injuna ba ni aka sakar wa su ba, saurare kawai na koya: mai lafiya gurnaninsa ɗaya ne, idan ka ji kamar ana niƙa tsakuwa a cikinsa to ruwa bai ishe shi ba. Abin da aka sakar mini shi ne kaye, babban littafin da ke kan teburin ɗakin tsaro. Kowace awa biyu ana cike layi: dagulewar ruwan kogi, ta dekantar, ta matata, pH, kulor, yawan ruwan da ya fita, sa hannu. Ranar da Baba ya fara miƙo mini biro, abu ɗaya ya ce: "Abin da ka gani za ka rubuta. In ba ka auna ba, bar gurbin fari." Na ɗauke ta irin maganar da kowane babba ke yi wa yaro.

A wata na biyar, cikin Agusta, ina aikin dare. Kwana biyu ke nan ana ruwa can sama da mu. Bayan isha'i hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso da ƙura, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Wajen ƙarfe 11 wuta ta ɗauke. Baba da mai lantarki suka nufi wajen gurup, wato janareta, don tada injuna ɗaya bayan ɗaya, ya bar ni da ɗakin magani da kaye. Da aiki ya dawo na ɗebo ruwan kogi. Ban taɓa ganin irinsa ba: ja ne kamar an jiƙa tubali, idan ka tsoma yatsa ba ka ganin farce. Ma'aunin dagulewa da ya nuna 300 da wani abu da magariba, yanzu ya haura 1,000, sai da na sirka da ruwa mai tsabta kafin ya karantu.

Abin da ya kamata in yi a fili yake, in jera kofuna shida. Amma gwajin yana cin kusan minti 40, ruwan kuma ba ya jira, shiga kawai yake yi. Na ce a raina laka ta ninka, bari in ninka alam. Na murɗa injin awo. Bayan kamar awa ɗaya na haska tocila a kan dekantar, ban ga gudaji suna nutsewa ba, sai wani hazo yana bin ruwa zuwa matatu. Tsoro ya kama ni, na ƙara alam. Ban taɓa lasho ba, ban auna pH ba. Littafin da na ja wa layi biyu yana cikin jaka, rataye a bango.

Ƙarfe 2 na auna dagulewar ruwan matata: 2.6. Da magariba 0.4 ne. Na wanke kwalbar na sake aunawa, 2.8. Na zauna gaban kaye da biro a hannu. Lambobin da ke sama duk ƙasa da 1 suke, layi bayan layi, da sa hannun mutanen da nake jin nauyi. Ba kowa a ɗakin sai ni da ƙarar ruwa a kan kwano. Zuciya ta ce mini rubuta 0.9, ka gyara kafin asuba, wa zai sani? Na daɗe a haka, Allah ne shaida. Sannan na rubuta 2.8, na sa hannu, na fita cikin ruwan da gudu neman Baba.

Bai ɗaga murya ba. Ya duba kaye, ya duba injin awo, ya ce, "pH nawa?" Na yi shiru. Ya ce, "Je ka auno." Na dawo da 5.3. Ya kira na gaba da shi a waya ya shaida masa zai rage jan ruwa, ya rage layin kusan rabi, ya buɗe lasho, ya sassauta alam, ya ce in jera kofuna, wannan karon kowanne da lashonsa. Matatu biyun da suka fi shan hazon ya fitar da su daga aiki. Na yi gwajin hannuna yana rawa. Kofi na huɗu ya washe, kuma alam ɗin da ya nema bai kai wanda na riƙa zubawa ba, don laka idan ta yi yawa ita ma tana taimakawa wajen dunƙulewa, ba a ninka magani don ta ninka. Muka wanke matatu ɗaya bayan ɗaya, muka riƙa buɗe magudanar ƙasan dekantar, jar laka mai kauri tana fita kamar ana tuƙa tuwo. Ana kiran assalatu a masallatan hayin kogi ruwan matata ya dawo 0.7. Ruwan tanki bai kai iyaka ba a daren, kulor ma bai faɗi ba, don Baba ya ɗan ƙara shi tun da ya ga lambar. Amma kusan awa uku layin yana ba da rabin abin da ya saba. Na yi lissafin da bido kamar yadda ya koya mini, ya kai dubbai masu yawa.

Bayan mun yi sallah ya ɗora shayi a ɗan murhunsa. Na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce, "Kuskuren alam kowa ya yi shi, ni ma na yi. Da ka rubuta abin da ba shi ba, da sai gari ya waye zan gane, lokacin ruwan ya riga ya hau shato." Ya miƙo mini kofi. Sannan ya sa na rubuta duk abin da ya faru a shafin bayani, da hannuna, da lokutansa, har da cewa ban auna pH ba. Tanti ta karanta da safe, ta dube ni, ta ce daga yau duk daren da nake aiki sai na yi gwajin kofuna sau biyu, ko da kogi lafiya lau yake. Haka aka yi har na gama.

Da na koma gida wajen ƙarfe 8, na tarar da Inna, matar kawuna, tana ciniki da ɗan ga-ruwa a ƙofar gida. Layinmu a ƙarshen bututu yake, ruwa ya fi zuwa da tsakar dare, ita kuma ta saba tashi ƙarfe 3 ta tara robobi. Ta ce, "Jiya sau biyu na tashi, famfo sai huci yake." Bido huɗu ta saya. Na ɗauki biyu na shigar mata, na kasa haɗa ido da ita. Sai da yamma na ba ta labarin. Ta saurara har ƙarshe tana tsince shinkafa, sannan ta ce, "To ai gara da kuka rage shi, ɗan nan. Wanda bai zo ba ana sayensa."

A satin ƙarshe na Satumba Baba ya zauna a kujera da carbinsa ya bar mini rukunin daga farko har ƙarshe. Bai ce uffan ba sai sau ɗaya, da ya tambaye ni ko na duba mashiga. Ban duba ba, na ɗauki manjagara na tafi. Na rubuta rahoton sitaj na gabatar a makaranta, babi mafi tsawo a cikinsa na daren jan ruwa ne. Yanzu ina jiran kiran aiki. Na kai takardu nan Yamai, na kai Tawa, inda aikin zai zama na rijiyoyi da kulor, babu kogi.

Ranar sallama Tanti ta ba ni wata tsohuwar kwalbar awo tata ta kanta, da ƙwayoyin DPD goma. A daren na ce wa Inna ta tashe ni idan ruwa ya zo. Ƙarfe 3 da rubu'i ta ƙwanƙwasa ƙofa. Famfo ya yi tari, ya furzar da iska, sannan ya zubo. Na bar shi ya gudana minti biyu a bokiti, na cika kwalbar, na jefa ƙwaya, na girgiza. Ta haska mini da fitilar wayarta. Ruwan ya yi hoda mai haske. Na kara da ma'auni, 0.3.

"Mi ya ce?" in ji ta.

Na ce, "Lafiya lau, Inna. Kawo robar."